Barau da Jar Motarsa Mai Ƙofa Biyu

Barau taubashina ne, ɗan Kawu Gidaɗo yayan mahaifiyata, don haka tun muna yara nake da izinin yi masa tsiya yadda na ga dama. Sai dai ban taɓa morar wannan izini ba. Duk abin da na shirya zan tsokane shi da shi, kafin in buɗe baki ya riga ya faɗa a kan kansa, ya ƙara masa gishiri, jama'a sun yi dariya sun gama, ni kuma a bar ni da tawa maganar a baki.

A Aliero aka haife shi, gidan manoma albasa tun kaka da kakanni. Ƙato ne, dogo, mai faɗin kafaɗa. Tun yana saurayi yake cicciɓar buhun albasa shi kaɗai ya aza wa jaki. Kawu Gidaɗo ya so ya zama magajinsa a fadama, amma zuciyar Barau tana kan titi. Fadamarsu ba ta da nisa da hanyar Sakkwato, kuma da zarar ya ji kukan mota sai ya saki ban ruwa ya miƙe tsaye, ya faɗa wa ƙannensa irin motar da ke tafe tun ba a hango ta ba. Yawancin lokaci ba ya canka daidai. Zai ce tirela ce, sai a ga tarakta. Wannan bai taɓa rage masa ƙarfin gwiwa ba.

Da ya kawo ƙarfi sai ya bi wata babbar motar albasa a matsayin yaron mota. Ya ga Ibadan, ya ga Legas, ya koyi tuƙi a cikin tasha lokacin da direba ya tafi cin abinci. Daga baya ya zama shi ke raka kayan gidansu da na maƙwabta zuwa Kurmi, ya sayar ya dawo. A wannan aikin kam ba a taɓa samunsa da ha'inci ba. Ya auri Zulai 'yar garin Jandutsi, mace mai ƙarancin magana, wadda idan ta yi guda ɗaya sai a kwana biyu ana maimaita ta a unguwa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, titinmu ya cika da motoci. Ma'aikata suna ta kwasowa daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, katifu da kujeru ɗaure a saman mota, kowa yana jin cewa sabuwar duniya ta buɗe. A ranin da ya biyo baya albasa ta yi kyau, ta kuma yi daraja. Kawu Gidaɗo ya tara 'ya'yansa ya ce ya gaji da jiran motar haya kaya suna ruɓewa a rumfa, a haɗa abin da aka samu a sayo a-kori-kura ta gida. Da aka zo maganar wanda za a aika Kwatano, birnin da ake sayo motoci, ba a ma yi shawara ba. Wa ya san mota in ba Barau ba?

Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji, kuma na ji shi ya fi a ƙirga.

"Na ga a-kori-kura, Junaidu," in ji shi. "Hwara, lahiyayya. Har na shuri tayarta na ce ta yi. Sai nig ga wani jan abu bayanta an lulluɓe da tamfol, bai kai mani ƙugu ba. Nic ce wa dillali mi na wanga? Yac ce motar tsere ta, ta wani Bature, ba irin taku ba ta. Ka ji inda yak kama ni. Sai yat taɓa wani maɓalli, hitilu sunka ɗago daga cikin hancinta kamar kada ta buɗe ido. Da tad dube ni, hankalina yac ce mani sai an jima."

Dillalin ya murza makulli, motar ta yi wani gurnani da Barau ya ce har cikin haƙoransa ya ji shi. Bai sake waiwayar a-kori-kura ba.

Ya shigo da ita ta hanyar Kamba, ya iso Aliero da la'asar. Ina nan a ƙofar gida ranar. Tun daga bakin titi yara da manya suka biyo ta. Da ya karyo kwana zai shiga lungunsu, cikinta ya hau kan tudun kwata ta zauna daram, tayoyin baya suna juyawa a banza. Sai da majiya ƙarfi suka ɗaga ta suka mayar da ita baya. Sannan aka zo fitowa. Ƙofa ta buɗe, hannun Barau ya fara fitowa ya dafa ƙasa, sai ɗaya hannun, sai kai babu hula, domin rufin ba ya barin hula ta zauna. Da rarrafe ya fito gaban mahaifinsa.

Kawu Gidaɗo ya zagaya motar a hankali, hannuwansa a baya. Ya leƙa ciki ya ga kujeru biyu rak.

"Barau, ina za a sa albasa?"

"Akwai wuri, Baba."

Ya ruga ya buɗe gaba. Wani ɗan rami ne a wurin, wanda da ƙyar zai ci rabin buhu. Jama'a suka matso suka leƙa, sai wani ya ɗaga murya ya ce an sayar wa Barau mota babu inji. Barau ya yi sauri ya zagaya ya buɗe baya, ga inji nan cunkushe bayan kujeru, yana ta huci.

Kawu ya dubi gaban, ya dubi bayan. Ya ce, "Wato ita ma ba ta san gabanta da bayanta ba." Ya juya ya tafi masallaci.

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kuma bai sake ambaton motar ba. Ya ci gaba da hayar motocin mutane da jakunansu. Barau ya ce da Baba ya ɗauki sanda ya rufe shi da duka da ya fi masa sauƙi. Ƙannensa, Isma'il da Yusuf, waɗanda guminsu ke cikin wannan jan abu, sun daɗe ba su cin abinci kwano ɗaya da shi.

Ya roƙi Zulai ta shiga ya zagaya da ita ko sau ɗaya. Ta fito da lulluɓinta, ta sunkuya ta dubi kujerar, ta miƙe.

"Malam, in zaman ƙasa nika so, ga tabarma cikin gida."

Ta koma abinta.

Kada a ce bai yi ƙoƙarin gyara kuskurensa ba. Ya nemi mai saye. Wani Alhaji a Jega ya shiga don ya gwada, aka yi ta fama kafin a zaro shi, ya ce ko kyauta ba ya so. Wani ma'aikaci a Birnin Kebbi ya tambayi inda ake samun kayan gyaranta, Barau ya ce Kwatano, mutumin ya ce a gai da gida. Haka ta zauna masa. Tunda ba ta shiga lungu, a gindin wata bishiyar bedi ta bakin titi take kwana, shi kuma ya taka da ƙafa zuwa gida kamar kowa. Mutanen gari suka sa mata suna Takalmin Barau, wai ba shigarta yake yi ba, sa ta yake yi. Da sunan ya zo kunnensa sai ya karɓe, har in zai fita yakan ce bari ya sa takalminsa ya leƙa Jega.

Amma yana son ta, wannan ba wasa ba ne. Kullum da safe sai ya goge ta da tsohon rawani. Yakan tuƙa ta a hankali, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, har masu keke su wuce shi.

A shekara ta biyu ta fara warin fetur. Lokacin ana wahalar mai, gidajen mai a rufe, sai dai a saya a galan wurin 'yan bumburutu, kuma Allah kaɗai ya san abin da suke gaurayawa a ciki. Ya kai ta garejin Tamu a Jega. Tamu ya daɗe da kansa a cikin injin, sannan ya ɗago ya ce shi Fijo ya sani da manyan motoci, wannan kuwa bai taɓa ganin irinta ba, amma ga wata tiyo ta mai ta tsage, sai an aiko da sabuwa daga inda aka sayo motar. Barau ya ce a ɗaure ta kawai kafin nan. Tamu ya ƙi, Barau ya nace, a ƙarshe aka naɗe ta da robar tayar keke aka ɗaure da waya.

"Don Allah kak ka yi gudu da ita," in ji Tamu.

"Ni da ko akuya tana wuce ni?"

Akwai kuma wata jar fitila da ta fara kamawa a gaban sitiyari, da wani rubutu a ƙarƙashinta. Da yake ina koyarwa a firamare, Barau ya kira ni in karanta masa. Na duba na ce wannan ba Turancin da na sani ba ne. Ya ce to shi ke nan, ya samo filasta ya manne a kanta. Ya ce tun daga ranar ba ta sake damunsa ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce. Za a ɗaura auren wani abokin cinikinsa, Bilyaminu, a Maiyama bayan azahar, ya ce in raka shi. Ya sha sabuwar babbar riga ta shadda, ruwan sararin samaniya, wadda sai da na taimaka na tura masa sauranta ciki kafin ƙofa ta rufu. A ramin gaba ya zuba rabin buhun albasa, gudummawar gidan biki.

Mun ratsa Jega ana cin kasuwa, muna bin bayan shanu da amalanke. Da muka fita gari muka kama hanyar Maiyama, titi ya buɗe, amma Barau bai canza tafiyarsa ta hawainiya ba. Can sai ga wata tsohuwar Fijo doguwa ta haya, cike da fasinja, da awaki a but, wurin kaya na baya, ta zo ta jera da mu. Direban, Ɗanlami, tsohon abokin Barau ne tun zamanin yaran mota. Ya leƙo da kai ta taga.

"Barau! Takalmin ya matse ka na? In kira maka jaki?"

Fasinja suka fashe da dariya. Fijo ta wuce ta bar mu cikin hayaƙinta.

Barau yana iya yi wa kansa dariya daga safe har yamma, amma ranar na gane cewa ba ya jure a yi wa motar. Na ga kunnuwansa sun motsa. Ya gyara zama.

Na ce, "Taubashi, ka tuna abin da Tamu yac ce."

"Ba gudu za ni yi ba. Gaisuwa za ni maida mai."

Ya sauke giya ya taka.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Wani ƙarfi ya manna ni da kujera. Gurnanin nan ya koma ihu a bayan kunnuwanmu. Fijon Ɗanlami ta taho mana da baya kamar a tsaye take, muka wuce ta, ban ma ga fuskar kowa ba. Itatuwan bakin hanya suka haɗe suka zama bango ɗaya. Ni salati nake yi. Da na saci kallon Barau sai na ga bakinsa a buɗe, idanunsa suna ƙyalli, fuskarsa irin ta yaron nan da ke sakin ban ruwa ya miƙe yana sauraren titi. Duk tsawon zamansa da motar, sai a wannan ɗan lokaci ta yi abin da aka ƙera ta dominsa.

Sai muka ji ƙara a baya, kamar an zuba duwatsu a cikin garwa ana girgizawa. Motar ta yi tari, ta zabura, ta sake tari. Barau bai ɗaga ƙafa ba. Wasu mata masu ɗauke da itace a bakin hanya suka yar da kayansu suna ɗaga mana hannu biyu. Barau ya zaro hannu ta taga ya ɗaga musu.

"Sannunku! Sannunku dai!"

Gaba kaɗan wani mai keke ya yi tsalle ya sauka yana nuna mu yana ihu. Shi ma Barau ya amsa masa gaisuwa.

Na ce, "Barau, bayana shina zahi."

"Bazara ta, Junaidu."

Na waiwaya. Ta ɗan gilashin da ke bayan kawunanmu ba na ganin titi, sai baƙin hayaƙi da jan harshen wuta yana lasar gilashin. Ban san da wace murya na ce wuta ba. Daidai nan injin ya yi wata ƙara guda ɗaya mai nauyi ya mutu. Allah ya sa birki bai tafi da shi ba. Muka gangara gefen titi muka tsaya, kusa da mararrabar Giwa Tazo.

Ni siriri ne, na buɗe ƙofa na mirgina waje. Barau ya buɗe tasa, ya dafa ƙasa da hannu kamar yadda ya saba, amma sauran jikinsa ya ƙi biyowa. Babbar rigar ta naɗe sandar giya, ta kuma shige ƙarƙashin kujera. Na zagayo na kama hannunsa ina ja, ko gezau. Zafin ya fara ƙona mini gashin hannu. Wasu manoma da ke sharar gona kusa suka rugo, biyu suka kama ɗaya hannun, ɗaya ya zaro lauje ya tsarge rigar daga wuya zuwa ƙasa. Muka fizge shi gaba ɗaya muka zube a ƙasa. Shaddar ta zauna a ciki.

Ya fito daga shi sai singileti da wando, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya miƙe ya zura da gudu yana waiwayen motar, alhali wutar ba ta ce za ta bi shi ba. Bai ga ramin kwalbati a gabansa ba. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin.

Manoman suka yi ta watsa ƙasa da hannu da fartanya. Da wutar ta kai tankin mai sai ta yi wani tashi da ya kore mu duka baya. Ashe jikin motar ma ba ƙarfe ba ne. Muna kallo jan fentin ya kumbura, jikin ya narke yana ɗiga kamar bokitin roba. Hancinta kaɗai ƙasar da aka watsa ta ceta.

Fijo ta iso ta tsaya. Ɗanlami ya fito yana salati, babu alamar dariya a fuskarsa, ya tsallaka cikin ramin ya rungumo Barau. Aka kwantar da shi a inuwar wata sabara, ƙafar dama ta juya inda bai kamata ba. Bai yi kuka ba, yana dai kallon hayaƙin.

Da wutar ta lafa sai wani ƙamshi ya taso ta cikin warin taya. Wani dattijo cikin manoman ya sa fartanya ya ɓalle murfin gaba. Buhun ya ƙone, albasar sama ta zama gawayi, amma ta tsakiya ta gasu luguf. Dattijon ya dubi Barau, yana jin nauyin tambaya.

"Ku ci, Baba," in ji Barau. "Tun da nis sawo ta, wanga na kaya na hwarko da tak kai wani wuri. A miƙo mani guda."

Ya ɓare ya ci yana kwance. Ya ce da ɗan ɗanɗanon taya, amma ta nuna.

Babu wuri a Fijo sai but, don haka aka matsa awaki aka shimfiɗa shi a tsakaninsu, ni kuma na tsuguna a gefensa riƙe da ƙafar. Dole Ɗanlami ya sauke fasinjansa a Maiyama kafin ya juya da mu, kuma hanyar tasha ta ƙofar gidan su Bilyaminu ta bi. Muka iso daidai ana shafa fatiha. Barau ya ce a tsaya. Daga cikin but, da singileti, akuya tana shinshinar kunnensa, ya ɗaga hannu ya shafa tare da jama'a, ya ce a gaya wa ango gudummawarsa ta tsaya a hanya.

A Aliero ba a neman mai ɗori da nisa. Tsohon da ke bayan gidansu ya zo ya ja ƙafar ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. A nan kam Barau ya yi ihun da aka ji a bakin titi. Bayan an watse Kawu Gidaɗo ya shigo ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Alhamdu lillahi da ka hito da ranka," in ji shi. "Ƙahwa tana ɗoruwa."

Barau ya sunkuyar da kai. Kawu ya gyara zama.

"Albasar hwa?"

"An cinye ta, Baba. Gasassa."

Kawu ya yi ƙoƙarin riƙewa, gemunsa yana rawa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har yana share ido da gefen rawani. Barau kuwa a nan ne ya fashe da kuka, kukan da bai yi a bakin titi ba. Kawu ya dafa kansa ya bar hannun a wurin har ya yi shiru.

Ya yi watanni a tabarma. Masu zuwa dubiya suna shigowa da fuskar jaje, dariya na cin su a ciki, shi kuwa sai ya sauƙaƙa musu, ya fara ba da labarin da kansa tun daga kadar da ta buɗe ido. Har kwaikwayon yadda ya riƙa amsa gaisuwar matan nan yake yi. Zulai ta ce da ta san ƙonewar mota za ta kawo baƙi haka, da ta fara sayar da fura a ƙofar gida.

Da ya miƙe, ƙafar ta ɗan gajarta, yana tafiya yana ɗingishi kaɗan. Ya koma fadama ya karɓi ban ruwan da ya guje wa yana yaro, ya kuma ci gaba da rakiyar kaya Kurmi, ba ya ɗaukar wa kansa komai sai abin da zai ci. Gawar injin masu ƙera tukwane na Jega suka zo suka kwashe, suka narka, suka aiko wa Zulai da tukunya ɗaya babba. Barau ya ce har yanzu motar tana da saurin zafi, tuwo ba ya daɗewa a cikinta.

Sai bayan rani uku aka sake haɗa abin sayen a-kori-kura, tsohuwa, daga hannun wani ɗan kasuwa a Jega. Kawu yana raye ya gan ta. Ranar da aka kawo ta, Isma'il ya miƙa wa yayansa makulli don girmamawa. Barau ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya mayar masa, ya zagaya ya hau baya ya zauna a kan buhuna. Wurin zamansa ke nan duk lokacin da za a kai kaya kasuwa, hularsa daram a kansa, yana gaisawa da mutanen hanya.

Kwanan baya ina zaune da shi a rumfar albasa wani maƙwabcinsu ya zo, ya ce ya tara abin da ya tara yana so ya sayi mota, ko Malam Barau zai ba shi shawara tunda ya san harkar. Na buɗe baki zan yi magana, Barau ya riga ni.

"Ka tahi da ni," in ji shi. "Mu zagaya tare. Duk wadda kag ga na tsaya gabanta ina murmushi, ka ja hannuna mu wuce."